Bishiyar Kirsimeti ta cikin tukunya: yadda ake gane ta da yadda ake raya ta a Kudancin Kaduna

Da zarar watan Disamba ya kama, gidaje da majami'u da shaguna a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi kan fara ado domin bikin Kirsimeti da na sabuwar shekara. Mafi yawan bishiyoyin da ake ƙawatawa na roba ne, waɗanda ake naɗewa a adana idan biki ya wuce. Sai dai akwai masu sayen rayayyiyar bishiya a cikin tukunya ko baƙar leda daga masu lambun furanni na bakin titi, musamman a Jos da Kaduna da Abuja, da niyyar ta ci gaba da zama ado a gida har bayan biki.

Sau da yawa wannan niyya ba ta cika. Kafin ƙarshen Fabrairu ganye ya yi ja, rassan ƙasa sun zube, kuɗi sun tafi. Dalilai biyu ne kan jawo haka: rashin sanin ainihin irin bishiyar da aka saya, da kuma kasancewar bikin yana faɗowa a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ta fi bushewa a duk shekara.

Asalin al'adar

Al'adar ƙawata bishiya mai koren ganye a lokacin Kirsimeti ta kafu ne a ƙasar Jamus tun ƙarni na 16. Ta bazu a Ingila bayan da wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert da 'ya'yansu kewaye da irin wannan bishiya a shekarar 1848. A can Turai, itatuwan da ake amfani da su na ƙasashen ƙanƙara ne, kuma yawanci sare su ake yi a jefar bayan biki.

Waɗannan itatuwa ba sa rayuwa a ƙasa mai zafi. Saboda haka abin da ake kira "bishiyar Kirsimeti" a Najeriya ba iri guda ba ne. Suna ne da masu sayarwa ke laƙaba wa duk wata bishiya mai koren ganye wadda ta yi faɗi a ƙasa ta tsuke a sama. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Wadda za ta yi shekaru a falo daban, wadda kwana goma a ɗaki zai raunana ta daban, alhali daga nesa duk kamarsu ɗaya.

Yadda ake gane su

Hanya mafi sauƙi ita ce a duba ganye, a taɓa shi, a murza kaɗan a shinshina. Tun da ba su da sunayen Hausa da kowa ya sani, sunayensu na kimiyya ne abin riƙewa.

Ta farko ita ce Araucaria heterophylla. Asalinta daga tsibirin Norfolk ne a Tekun Fasifik, gabas da Ostiraliya, inda matuƙin jirgin ruwan Ingila James Cook ya gan ta a shekarar 1774. Ana gane ta da rassa masu fitowa hawa-hawa kewaye da gangar jiki, kamar biyar a kowane hawa, da sarari tsakanin hawa da hawa, tamkar an jera faifai bisa faifai. Ganyenta gajeru ne, ba su wuce santimita 1 da rabi ba, suna da laushi, ba sa sukar hannu. A mahaifarta takan haura mita 50, amma a tukunya girmanta sannu ne. Ita ce kaɗai a cikin jerin nan da ke iya zama a cikin gida shekara da shekaru idan akwai isasshen haske.

Tana da 'yar uwa, Araucaria columnaris, daga tsibirin Sabuwar Kaledoniya. Suna ƙanana da wuya a bambance su, kuma da yawa daga waɗanda ake sayarwa da sunan ta farkon, a gaskiya ta biyun ce. Idan ta girma takan fi siranta, rassanta sun fi gajarta da cunkoso, kuma takan karkata gefe guda. Kulawarsu ɗaya ce, don haka rikita su ba ya cutarwa.

Ta biyu ita ce Platycladus orientalis, wadda masu lambu suka fi sani da Thuja, 'yar asalin ƙasar Sin da Koriya. Ita aka fi gani a harabar makarantu da majami'u da gidajen gwamnati. Ganyenta ƙanana ne ƙwarai, manne da reshe kamar ɓawon kifi, rassan kuma a shimfiɗe suke kamar mafici, suna tsaye a jere kamar shafukan littafi. Idan aka murza sai a ji ƙamshin ƙaro. Bishiyar rana ce. Ba ta jure zaman ɗaki.

Ta uku ita ce wani nau'in Cupressus macrocarpa mai ganye ruwan ɗorawa-ɗorawa, wanda asalinsa daga gaɓar tekun Kalifoniya ne a Amurka. Alamarsa ba ta ɓuya: idan aka shafa ganyen, hannu zai yi ƙamshin lemun tsami. Yana son sanyi da haske mai yawa, kuma idan ƙasarsa ta bushe ƙayau sau ɗaya, da wuya ya farfaɗo. Ya fi dacewa da yanayin Jos bisa ga na Kafanchan.

Ta huɗu ita ce Pinus caribaea, 'yar asalin Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, wadda ma'aikatan gandun daji suka daɗe suna shukawa a Afaka kusa da Kaduna da kuma kan tsaunin Filato. Ganyenta dogaye ne kamar allurar ɗinkin buhu, suna fitowa a ɗaure, yawanci uku-uku daga gindi ɗaya. Itacen katako ne mai saurin girma, tukunya ba ta riƙe shi fiye da shekara ɗaya ko biyu.

Ta biyar ita ce Casuarina equisetifolia, wadda ake yawan shukawa a bakin hanya da shingen makarantu, mai yin fito idan iska ta kaɗa. Ana rikita ta da Pinus, amma ba danginta ba ce. Abin da ke kama da allura a jikinta siraran rassa ne masu gaɓa-gaɓa. Idan aka ja ɗaya zai tsinke daidai kan gaɓa. Tana jure fari da ƙasa maras ƙarfi, tana kuma karɓar aski, amma ita ma ta fili ce.

Akwai kuma wadda ya kamata a guje wa. A wasu manyan kantuna akan ga wata ƙaramar bishiya mai cunkoson gajerun allurai masu ɗan tsini, wadda aka shigo da ita daga waje, wato Picea glauca, 'yar asalin Kanada da arewacin Amurka. Tana buƙatar watanni na tsananin sanyi kowace shekara kafin ta sake toho. Babu irin wannan sanyi a ko'ina a Najeriya, don haka komai kulawa ƙarshenta mutuwa ne.

Galibi akan sayar da waɗannan bishiyoyi tare da furen Kirsimeti, Euphorbia pulcherrima, ɗan asalin Meziko. Jan da ake gani a kansa ba fure ba ne, ganye ne da ke rinewa idan dare ya yi tsawo, shi ya sa yake ja a watannin Nuwamba da Disamba. Yana da farin ruwa kamar na tumfafiya, mai sa ƙaiƙayi a fata da zafi a ido.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

A zura hannu cikin rassan a shafa. Ganyen lafiyayyiyar bishiya yana lanƙwasa, ba ya karyewa, ba ya zuba. Irin waɗannan itatuwa kan daɗe da koren launi bayan sun mutu, don haka launi kaɗai ba shaida ba ne. Idan ganye ya yi ƙarau yana zuba a tafin hannu, a bar ta.

A riƙe gangar jikin a ɗan girgiza. Idan tana rawa a cikin ƙasa, mai yiwuwa ba a daɗe da tumɓuke ta daga wani wuri aka dasa a tukunyar ba, ko ma reshe ne aka soka ba saiwa. A duba ƙasan tukunya ko ledar: dole a ga huji, kuma idan saiwa ta leƙo, ta kasance fara ko ruwan ƙasa mai haske, ba baƙa mai wari ba.

A duba ƙoƙuwar bishiyar. Ga Araucaria, tohon da ke can sama shi ne ran siffarta. Idan ya karye, za ta fitar da kai biyu ko uku, kyan tsarin ya tafi. Haka nan a guji wadda aka fesa wa fenti ko ƙyalli ko farin kumfa, domin suna toshe ƙofofin numfashin ganye.

Akan haɗa ƙananan Araucaria uku ko huɗu a tukunya ɗaya don su yi cika ido. Wannan ba laifi ba ne, amma a sani cewa bishiyoyi da yawa ne ke rabon ruwa da abinci ɗaya.

Yanayin yankin da abin da yake nufi

Kudancin Kaduna na daga cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a jihar. Duwatsun Kagoro da gefen tsaunin Filato suna tare iska mai laima da ke tasowa daga kudu maso yamma, damina kan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba. Wannan ni'ima ce ta sa citta ke albarka a Kachia da Jaba, ta kuma sa gandun dajin Nimbia ya kafu. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu lamarin kan juye: iskar hunturu daga Sahara kan zo da ƙura da hazo, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 30 cikin 100 da rana, alhali Araucaria ta fi son kusan kashi 50.

Shawarwarin da ake samu a intanet yawanci an rubuta su ne don ƙasashen sanyi, inda ake cewa a rage ban ruwa a Disamba saboda bishiya na hutawa. Bin wannan a Kafanchan kuskure ne. A nan sanyin dare bai kai ya cutar da ko ɗaya daga cikin waɗannan bishiyoyi ba. Abokan gabansu su ne ƙishirwa da ƙura a rani, sannan jiƙewar saiwa a damina.

Haske da wurin ajiya

A ajiye Araucaria kusa da taga mai haske sosai. Tagar gabas ta fi, domin tana samun ranar safe mai taushi duk shekara. A Disamba rana kan karkata kudu, don haka tagar kudu ma tana da amfani a lokacin. Kusurwar falo mai duhu, inda aka fi son kafa bishiyar saboda ado, ita ce wuri mafi muni gare ta. Idan dole ne a sa ta can, a mayar da ita bakin taga ko baranda bayan kwanakin biki.

Bishiya kan karkata wajen haske. A riƙa juya tukunyar kwata ɗaya kowane mako don ta miƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan gangar ta ƙosa a karkace, ba ta gyaruwa.

Thuja da Pinus da Casuarina da mai ƙamshin lemo kada su wuce kwana 7 zuwa 10 a cikin ɗaki. Iyalai da yawa kan bar ado tun kafin 25 ga Disamba har bayan bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu, wasu har 6 ga wata. Mai son haka sai ya ƙawata bishiyar a baranda, ko ya jinkirta shigar da ita. Idan za a fitar da ita, kada a kai ta tsakar rana kai tsaye. A fara da inuwar bishiya na kimanin mako guda, sannan a riƙa matsar da ita cikin rana sannu a hankali, don kada ganye ya ƙone.

A nisanta kowace irin bishiya daga murhu da kaskon rushi da hayaƙin janareta, da kuma iskar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da ke bugun ta kai tsaye.

Ban ruwa

Babu ƙa'idar kwanaki da ta dace da kowace tukunya. A soka yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta farko, kimanin santimita 2 zuwa 3. Idan a bushe take, a zuba ruwa a hankali har ya fito ta ƙasa, a bari ya tsane, a zubar da wanda ya taru a faranti. Idan da danshi, a bari sai gobe. A hunturu da bazara ƙaramar tukunya na iya buƙatar ruwa kowane kwana biyu ko ma kullum, musamman tukunyar yumɓu, wadda ke tsotse ruwa ta jikinta.

Idan ƙasar ta bushe har ta janye daga jikin tukunya, ruwa zai bi gefe ya fice bai jiƙa saiwa ba. Maganin haka shi ne a tsoma tukunyar cikin bokitin ruwa na kimanin minti 20, sannan a ɗaga ta tsane.

Ruwan sama ya fi kowane ruwa. Na rijiya da na burtsatse ma suna yi. Kada a zuba ruwan wanki ko na wanke-wanke, domin sabulu da gishiri na taruwa a tukunya su ƙone saiwa.

Don ƙara laima, a zuba tsakuwa a faranti mai faɗi, a sa ruwa, a ɗora tukunyar bisa tsakuwar ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba. Tara tukwanen shuke-shuke wuri ɗaya ma na taimakawa. Sau ɗaya a mako a fitar da bishiyar da safe a wanke mata ƙurar hunturu da yayyafin ruwa.

Ƙasa da tukunya da taki

Waɗannan bishiyoyi na son ƙasa mai sakin ruwa da ɗan tsami-tsami. Haɗin da ya dace shi ne kashi biyu na baƙar ƙasar saman lambu, kashi ɗaya na yashin rafi mai gautsi, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki ko ruɓaɓɓen ganye. Ana iya ƙara ɗan dakakken gawayi ko ɓuntun shinkafa da ya ruɓe. Jar ƙasa zalla ko laka kan daskare kamar bulo a tukunya. Kada a sa ɗanyen kashin kaji, kada kuma a zuba toka, domin tana kashe tsamin da suke so.

Ba a sauya wa Araucaria tukunya sai bayan shekara biyu zuwa uku, kuma farkon damina ne lokacinsa. Sabuwar tukunyar ta ɗara tsohuwar da 'yan santimita kaɗan kawai, ta kasance mai nauyi don kada iska ta kayar da ita. A fitar da bishiyar da dunƙulen ƙasarta gaba ɗaya, a dasa ta daidai zurfin da take a da. Wannan ya fi muhimmanci ga Pinus, wadda saiwarta ke rayuwa tare da wani naman gwari mai taimaka mata tsotsar abinci. Idan aka kakkaɓe ƙasar renonta, sai ta tsumbure.

Taki kuwa a damina ake sa shi, lokacin da sabon toho ke fitowa. Tafin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a saman ƙasa sau biyu ko uku a damina ya wadatar. Mai amfani da takin zamani ya sa 'yan ƙwayoyi kaɗan nesa da gindi, ya bi da ruwa. Ba a sa wa bishiya mai ƙishirwa ko maras lafiya taki.

Aski

Thuja da Casuarina da mai ƙamshin lemo suna karɓar aski, amma a tsaya a kan koren ganye. Idan aka yanke Thuja ko mai ƙamshin lemo har zuwa busasshen icen ciki, wurin ba ya sake toho. Araucaria kuwa ba a yi mata aski, sai dai cire reshen da ya mutu. Reshen ƙasa da ya zube ba ya dawowa har abada. Mai son ya hayayyafa ta ya sani cewa reshen gefe da aka dasa zai ci gaba da girma a kwance, ba zai taɓa miƙewa ya zama bishiya ba. Daga iri ake samun mai kyan tsari.

Alamomin ciwo

Idan bakin ganye ya yi ja ya bushe, ƙishirwa ce ko bushewar iska. Idan ganye ya yi ɗorawa, ƙasa kuma a jiƙe tana wari, ruwa ya yi yawa, saiwa ta fara ruɓa. Idan rassa sun yi tsawo sun sunkuya, sarari tsakanin hawa ya yi faɗi, haske ne ya yi kaɗan. Bushewar tsofaffin ganyen can ciki kaɗan-kaɗan ba ciwo ba ne.

A lokacin rani akan samu wasu mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo masu yin siririyar yana tsakanin ganye, suna tsotse shi har ya koɗe. A kakkaɓe reshe bisa farar takarda; idan an ga ɗige-ɗige na motsi, su ne. Akwai kuma fararen ƙwari masu kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar reshe. A wanke bishiyar da ruwa mai ƙarfi, sannan a fesa ruwan da aka jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya a ciki, da ɗan sabulu kaɗan, da yamma, sau ɗaya a mako har sau uku. Gara kuwa ta hujin ƙasa take shiga, don haka a ɗora tukunya bisa bulo ko dutse. Ɗagawar na kuma hana ta zama cikin ruwa a watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi yawa.

Ado da kariya daga gobara

Rassan ƙaramar bishiya ba su da ƙarfi. A rataya kayan ado marasa nauyi, kada a ɗaure waya ta matse reshe, kada a ɗora tauraro mai nauyi a kan tohon sama. A yi amfani da ƙananan fitilu na zamani marasa zafi, a kashe su kafin barci da kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ba a kunna kyandir a jikin bishiya ko kusa da ita. Ganyen waɗannan itatuwa na ɗauke da ƙaro mai kama wuta nan take idan ya bushe, hunturu kuma lokacin gobara ne. A kuma nisanta su daga ƙananan yara da awaki.

Idan ta fi ƙarfin tukunya

Kowace daga cikinsu za ta kai ranar da tukunya ba za ta ɗauke ta ba. Lokacin dashe a fili shi ne bayan damina ta zauna, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni. A haƙa rami mai faɗin dunƙulen saiwa sau biyu, a wuri mai tudu da ruwa ba ya kwanciya. Araucaria da Pinus da Casuarina manyan itatuwa ne, don haka a ba su tazarar aƙalla mita 8 zuwa 10 daga gini da rijiya da wayar lantarki. Thuja ba ta kai su girma ba, tana iya zama kusa da ƙofar gida. A kewaye dashen da shinge saboda dabbobi, a kuma shayar da shi a ranin farko da na biyu.

Mai neman ingantaccen dashe ko ƙarin bayani zai iya tuntuɓar ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukumarsa, ko Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos, ko takwararta ta Afaka, waɗanda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya mai hedikwata a Ibadan. Tambayar farko da za a yi wa duk mai sayarwa ita ce sunan bishiyar. Idan bai sani ba, ganyenta zai faɗa.